Kada a Share Tsakar Gida

Ranar da Jibrin ya fara ƙin taka tsakar gida, Zinatu ta ɗauka wasa yake yi.

Ta gama sharar safe ke nan. Ta ja tsintsiya layi-layi a kan yashi yadda Inna Mairo, uwar mijinta, take so, har wurin ya yi sumul kamar ba a taɓa takawa ba. Jibrin ya fito cikin kakinsa na ɗan sanda, hula a hannu, ya zo bakin ƙofar ɗaki ya ƙame. Ƙafa ɗaya a sama, ya kasa sauke ta.

"Baban Madina, mantuwa ka yi?"

"Wa ya share nan?"

"Ni ce mana. Dā wa ke sharewa?"

"Ba sawu," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Ba sawun kowa."

Ta yi dariya, ta wuce ɗaukar buta a gindin bango. Da ta waiwayo sai dariyar ta maƙale mata. Ƙaton namiji, mai igiya biyu a kafaɗa, yana ɗora takalminsa daidai kan sawun ƙafarta, ɗaya bayan ɗaya, gumi yana ɗiga daga haɓarsa tun rana ba ta yi zafi ba.

Kwana arba'in ke nan da motarsu ta sintiri ta taka nakiya a hanyar Assamakka, wadda ke zuwa iyakar Aljeriya. Tun da tawaye ya dawo, duk direban Arlit ya san doka ɗaya: bi sawun motar da ta riga ka, domin inda taya ta bi ta wuce lafiya, nan ne kaɗai ka tabbatar ba a binne mutuwa ba. A ranar, Attaher, abokin Jibrin da ke tuƙi, ya kauce wa mushen raƙumi, kaucewar da ba ta fi taku biyu ba. Jibrin ya farka a kan yashi da ƙurjewa a gwiwa kawai. Shi ya tattara Attaher a cikin bargo. Mutane suka yi ta zuwa barka, Inna ta yi sadakar waina, aka ce Allah ya kiyaye, magana ta ƙare.

A wurinsu ta ƙare.

Da farko nama ya daina ci. In ƙamshin gashi ya shigo daga mahautan bakin layi sai ya toshe hanci ya shige ɗaki. Daga nan sai ƙarar fasa dutse. Kullum da azahar kamfanin ma'adini na tayar da ƙasa a rami, har kwanuka su yi rawa a kan kanta. Duk jaririn Arlit ya saba, ko motsi ba ya yi. Jibrin kuwa ran nan Zinatu ta same shi a ƙarƙashin gado, ya danne 'yarsu Madina da ƙirjinsa har yarinyar ta kusa shiɗewa. Da ƙyar ta ɓanɓare yatsunsa.

Sai ta koyi dabara. Tana gama shara sai ta bi ta tattaka, daga ƙofar ɗakinsu zuwa bayan gida, daga nan zuwa zaure, tana danna ƙafa sosai. A kan titi ba shi da matsala, titin Arlit sawu a kan sawu ne. Tsakar gidansu ce ta zama masa daji.

Inna ta lura.

"Ke Zinatu, wace irin shara ce wannan? A share, a kuma bi a tumurmushe? Haka aka koya miki a Damagaram?"

"Inna, don shi nake yi. Ba ya iya takawa in ba sawu."

"Wa ɗin?"

"Baban Madina. Inna, ba shi da lafiya."

Inna ta ajiye carbi. "Kul! Kada in sake jin wannan kalma a bakinki. Iska ce ta hanya ta ɗan shafe shi, ga rubutu yana sha, ga hayaƙi. Zuri'armu kaf, daga kakan kakansa, ba a taɓa ɗaure kowa a turu ba. Ba a kan ɗana za a fara nuna mu da baki ba."

Gidan na Alhaji Ɗalhatu ne, yayan Jibrin. Shekarar ta yi masa kyau. Farashin uraniyom ya tashi, sababbin kamfanoni sun cika gari da baƙi, kowa na neman taliya da madara da man girki na Aljeriya, shi kuwa yana da manyan motoci biyu masu zirga-zirga zuwa iyaka. Abin da ya sa motocinsa suka fi na kowa sauri ba inji ba ne. Jibrin ne. Duk ranar hutunsa sai Alhaji ya zaunar da shi a gidan gaba cikin kaki, a kowane shinge a sara masa a ɗaga igiya, ba sauke kaya ba ɓata lokaci. Tun ranar nakiya motocin ke tafiya ba shi, Alhaji kuwa ya fara ƙorafi.

"Kwana arba'in ko mamaci an gama masa addu'a," ya ce ran nan suna cin tuwo, da ƙarfi don a ji daga ciki. "Kai da ko ƙashi ba ka karya ba? Tashi ka zama namiji, malam."

"To, Yaya," Jibrin ya ce.

Kullum amsarsa ke nan. To, Yaya.

Ranar Litinin Zinatu ta goya Madina ta tafi unguwar Akokan gaida Fadimata, matar marigayi Attaher, wadda ke cikin takaba. Ta same ta zaune a kan tabarma ta rame, amma idonta ya fi na wancan zuwan haske.

"Jiya na yi barci," Fadimata ta ce. "Karon farko. Likitar nan ta zo har nan ta zauna da ni."

"Wace likita?"

"Ba ki sani ba? Wadda wata ƙungiyar agaji ta kawo daga Agadez saboda 'yan sandan da abin ya shafa. Ba allura take yi ba, zama take da mutum ya yi magana, ta koya masa yadda zai yi in abin ya taso. Sauran ukun da suka tsira duk suna zuwa. Ta tambaye ni Jibrin. Ta ce sau biyu ana kai masa takardar kira gida, shiru."

"Takarda? Ba mu ga takarda ba."

"To ki bincika. Alhamis za su koma da ayarin sojoji, ba wanda ya san ranar dawowarsu."

Zinatu ba ta sha wahalar bincike ba. Da yamma Inna ta miƙo mata ƙullin tazargade ta ce a yi wa Jibrin hayaƙi. Tana kwancewa ta ga hatimi shuɗi a jikin takardar ƙullin. Ta yi lakwal, makarantar boko, har aji shida, Faransancinta bai mutu duka ba. Ta shimfiɗa takardar a cinya ta share garin ganyen. Ga sunan mijinta, ga lambarsa ta aiki, ga rana da ƙarfe. Ranar ta wuce da kwana biyar.

Ba ta tsaya neman mayafi mai kyau ba. Ta yafa zane ta nufi zaure, inda Alhaji ke kishingiɗe yana jiran shayi na biyu.

"Yaya Alhaji, barka da hutawa."

"Yauwa, amarya. Lafiya?"

Ta durƙusa ta ajiye takardar a gabansa. Ya dube ta, ya dubi takardar, ko gezau.

"Au, wannan? Ni na ba Inna. Takarda ce mai kauri, tana riƙe ƙulli."

"Ta Baban Madina ce. Likita ke kiransa."

"Likitan mahaukata." Ya gyara zama. "Ke yarinya ce, bari in karanta miki abin da ba a rubuta a ciki ba. Ranar da ya taka ɗakin matar nan, sunansa ya shiga littafi. Su karɓe bindiga, su karɓe kaki, su ba shi kujera a bayan ofis yana korar ƙuda. Gari ya ɗauka: ɗan sanda ya zare. Wa zai sake sara masa? Rufin asiri nake yi masa, ke ba ki gani."

"Yaya, jiya ya kusa kashe Madina."

"Ya kashe ta?"

"A'a, amma..."

"To alhamdu lillahi. Ni na sa shi makaranta, ni na yi masa hanya har ya sa kakin nan, ni na yi masa aure, har ke ɗin. Yau ke za ki koya mini son ƙanena? Duk abin nan shagwaɓa ce, ke kike lallaɓa shi kamar ƙwai. Maganin wanda ya faɗo daga raƙumi a mai da shi kan raƙumi. Jibi Laraba zai raka Sidi direba iyaka, kaya na can suna shan rana."

"Ta hanyar da abin ya faru?"

"Akwai wata hanyar ne? Tashi ki ba ni wuri."

Washegari da hantsi ta ce za ta kai Madina awo, ta hau kabu-kabu zuwa asibiti. A wani ɗaki na baya ta sami likitar, mace mai ɗan jiki da gilashi, ana ce mata Madam Ni'ima. Zinatu ta yi niyyar magana a taƙaice, amma da matar ta ce, "Zauna, 'yar'uwa, ba sauri muke ba," sai komai ya zubo: naman, gadon, sawun.

Madam Ni'ima ba ta yi mamaki ba ko kaɗan.

"Mijinki bai haukace ba," ta ce. "Jikinsa ya dawo gida, hankalinsa na can kan hanya yana gadi, ba wanda ya gaya masa an tashi daga aiki. Na ga irinsa da yawa. Ana warkewa, in an fara da wuri."

"An ce za a karɓe masa kaki."

"Wa ya ce? Abin da ya faɗa mini tsakanina da shi ne. Abin da zan rubuta wa shugabanninsa layi ɗaya ne: a ba shi hutu, a ɗauke shi daga hanya na wani lokaci. Abokansa uku ga su nan da kakinsu." Ta cire gilashi. "Amma ki ji da kyau. Kada a bar shi ya koma hanyar nan yanzu, balle da bindiga a hannu. In zuwa nan na yi masa nauyi, ni zan zo gidan. Gobe ƙarfe tara."

Zinatu ta dawo kamar ta yi fiffike. Ta sami Jibrin zaune a bakin gado yana kallon bango, ta gaya masa duka.

"Ta ce ana warkewa?"

"Ta ce ana warkewa."

"Zinatu, ina ganin Attaher. Ko na rufe ido ko na buɗe. Hannunsa na dama ban same shi ba, na duba ko'ina." Ya share fuska da tafin hannu. Wannan ne karon farko da ya faɗi wani abu game da ranar. "Zan jira ta. Wallahi na gaji."

Laraba, rana ta ɗan ɗago, sai ga rurin babbar mota a ƙofar gida. Inna da kanta ta yi shara ranar, tun Zinatu na wanke wa Madina jiki, ta share har dokin ƙofarsu. Alhaji ya shigo yana kaɗa makulli.

"Jibrin! Sa kaki, Sidi na jira."

Jibrin ya fito bakin ƙofa da doguwar riga. "Yaya, yau ina da baƙuwa. Likita za ta zo."

Alhaji ya juya ya kalli Zinatu, kallon da ya fi mari. Amma ba shi ya yi magana ba. Inna ce ta taso, tana dafa bango.

"Jibrin, ni na haife ka?"

"Ke ce, Inna."

"Na sha wahalarka ko ban sha ba? To in nonona ka sha, ba za ka zauna wata baƙuwa ta shigo gidan nan ta sa maka sunan mahaukaci ina raye ba. Ɗan'uwanka ya dafa maka tun kana tsumma, yau rana ɗaya ya nemi ka dafa masa. Ka bi shi, ka tafi da albarkata. Ka zauna, ka zauna da matarka."

"Inna, don girman Allah," Zinatu ta ce, ta zube a gabanta. "Likita ta ce kada ya koma hanyar nan. Ku bari ta gan shi, ko na sa'a ɗaya. In ya so gobe..."

"Rufe mini baki! Tsakanin uwa da ɗa ba a shiga."

Jibrin ya koma ɗaki. Da ya fito, kaki ne a jikinsa, bindiga a ƙugu, maɓalli ɗaya a karkace. Ya zo bakin ƙofa ya tsaya. Yashi sumul a gabansa. Alhaji ta gefen bango ya shigo, ba sawu ko ɗaya tsakanin ɗakin da zaure. Ya dubi Zinatu. Ta sunkuyar da kai, ta maƙale hannuwa a ƙirji. Yau kam ba za ta taka masa ba. In sharar Inna za ta tsare shi har ƙarfe tara, to ta tsare shi.

Sai Alhaji ya yi tsaki, ya tattare babbar riga, ya zo har gaban ƙanensa ya juya masa baya. Ya fara tafiya a hankali, yana danna kowace ƙafa cikin yashi, taku gajere-gajere, daidai yadda Zinatu ke yi kowace safiya.

"Biyo ni," ya ce, ko waiwaye bai yi ba.

Zinatu ta bi sawun da ido. Ashe ya sani. Mutumin da ya ce shagwaɓa ce ya san ciwon har ya san makullinsa. Ya raka ƙanensa har gidan gaban mota, ya rufe masa ƙofa, ya buga jikin motar sau biyu. Shi bai hau ba. Tun da aka fara binne nakiya Alhaji bai taɓa bin hanyar Assamakka da ƙafarsa ba.

Ƙarfe tara daidai Madam Ni'ima ta yi sallama. Inna ta amsa daga kan tabarma ba ta tashi ba.

"Ɗana lafiyarsa ƙalau, yana wurin aiki. Wadda ta kira ki ita ce mai ciwon, ki duba ta."

Likitar ba ta ja magana ba. A zaure ta rubuta wani abu a 'yar takarda ta danƙa wa Zinatu. "Inda nake aiki ke nan a Agadez. In ya dawo yau, ko ƙarfe nawa ne, ki kawo shi. In mun riga mun tafi, ƙofata a buɗe take."

Bai dawo ranar ba. Alhamis da safe Zinatu na tsaye a bakin titi ayarin Agadez ya wuce, motar sojoji gaba, motar sojoji baya, farar motar likitoci a tsakiya.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka kawo shi. Abokan aikinsa biyu ne suka riƙo shi, cikin wata aron riga, ba hula ba ɗamara. Leɓɓansa sun farfashe, fatar goshinsa ta saluɓe. Sidi direba ya biyo su, ya tsuguna a zaure yana ba da labari, Zinatu na ji daga bayan ƙofa.

"Alhaji, lafiya lau muka tafi, muka yi lodi, muka kwana. A dawowa ne guguwa ta taso, daidai wajen da ƙarfen motar su Jibrin yake har yanzu. Da ta lafa, ba sawu ko ɗaya, hanya ta zama kamar tafin hannu. Na ce mu yi bisimilla mu wuce, na san wurin. Ya ce kada in motsa. Na sa giya. Wallahi sai jin bakin bindiga na yi a kunnena. Ya dira ƙasa ya harbe tayoyin gaba duka biyu. Daga nan ya tsaya inda ya dira. Alhaji, tun hantsi har la'asar yana tsaye a rana, ƙafa ba ta matsa ba, yana kiran Attaher ya dawo kan sawu. Ruwa ma ya hana ni sauka in ba shi. Sai da sojojin sintiri suka zo suka ɗauke shi cak."

Ɗaya daga cikin 'yan sandan ya ce an karɓe bindiga da kaki, an dakatar da shi sai an gama bincike: ya bar gari ba izini, ya hau motar kasuwa da makamin aiki, ya yi harbi. Ya ƙara da cewa, "Alhaji, sau biyu muka aiko da takarda. Da ya je, da duk wannan bai faru ba."

Alhaji ya tafa hannu. "Takarda? Inna lillahi! Ni ban ga takarda ba. Ka san mu 'yan kasuwa ba ma zama. Matarsa ce ke tare da shi dare da rana, ba ta taɓa ce mana ga abin da ke ciki ba. Da mun sani, ai da ni da kaina zan kai shi." Ya juya wurin Sidi. "Tayoyin fa, duka biyun sun tashi aiki?"

Kafin magariba duk Arlit ta ji. Abin da aka ce ana gudu ya zo, ya kuma zo da 'yan rakiya. Mata suka yi ta shigowa jaje, ido na leƙen ɗaki. Inna na karɓarsu da hawaye tana cewa sammu ne, mahassada ne suka ga gidan ya samu.

Jibrin ya daina magana sam. Amma da rana ta yi sanyi yakan fito ya bi sawun Zinatu har zaure, ya zauna yana kallon titi, masu wucewa suna nuna shi. Kwana uku Alhaji ya jure. A na huɗu ya ce a mai da shi ɗakin ajiya na ƙuryar gida, wai ya fi iska.

"A sa kwaɗo?" Inna ta tambaya.

"Kwaɗo kuma? Mutane su ce mun kulle ɗan'uwanmu? A'a. A dai riƙa share ƙofar."

Haka aka yi. Safe da yamma Inna ke jan tsintsiya daga ƙofar ɗakin ajiya har tsakiyar gida. In Zinatu ta kai masa abinci, tana fitowa Inna na biye da ita tana shafe sawun. Ƙofa a buɗe, ba sarƙa ba mari, duk wanda ya shigo zai shaida ba a ɗaure kowa ba. Jibrin kuwa yakan zo bakin ƙofar ya tsaya, ya dubi yashin, ya koma. Bayan gida ma sai an ga dama an taka masa. A makon nan motar Alhaji ta sake tashi zuwa iyaka da sababbin tayoyi, wani mai kakin daban zaune a gidan gaba.

Zinatu ta daina kuka. Ta koma Akokan sau ɗaya. Fadimata ta saurare ta har ƙarshe, ta aika aka kira ƙanenta mai motar haya da ke bin ayarin Litinin, ta ce masa, "Kujera biyu. Mutumin nan shi ya tattaro mini mijina."

Litinin da sassafe Inna ta gama shararta ta zauna da carbi. Alhaji na tsakar gida yana shan kunu. Zinatu ta fito da Madina a baya, ƙullin kaya a ka, takardar Madam Ni'ima a ƙulle a bakin zane. Ta cire takalmi ta riƙe a hannu. Ta ratsa tsakiyar sharar, tana danna ƙafa, har ƙofar ɗakin ajiya.

"Baban Madina, taso. Za mu Agadez."

"Ke!" Inna ta miƙe. "Wa ya ba ki izini?"

"Mijina zan kai asibiti, Inna."

"Ki fita da shi a haka, gari na kallo? Ki tona mana asiri?"

"Wane asirin ya rage? Wanda aka ƙulle tazargade da shi?"

Alhaji ya dire kwano. "Zinatu, in kika fita da shi daga gidan nan, ba da yawuna ba. Kada ku dawo kuna neman ko ƙwayar shinkafa. Jibrin! Koma ciki, ina magana!"

Jibrin na tsaye a bakin ƙofa, ya rame har rigar ta yi masa yawa. Leɓɓansa suka motsa, Zinatu ta san kalmomi biyun da suka saba fitowa daga nan. Ba ta roƙe shi ba. Ta juya masa baya kawai, ta yi taku ɗaya gajere, ta tsaya.

Har tana jin numfashin Madina a wuyanta.

Sai ta ji yashi ya motsa a bayanta.

Ta ƙara taku, ya ƙara. Suka wuce Inna, suka wuce randa, suka zo daidai Alhaji. Nan Jibrin ya tsaya, idonsa na ƙasa, ya yi maganarsa ta farko cikin kwana goma.

"Yaya, ka iya takawa. Na gani ran nan." "Da asibiti ka taka mini."

Alhaji ya ɗauki kwanon kununsa.

A bakin zaure Zinatu ta waiwaya sau ɗaya. Ta yi zaton ko uwa za ta biyo ɗanta da addu'a, ko da ta fatar baki ce. Inna ta riga ta sunkuya da tsintsiya. Ta faro daga ƙofar ɗakin ajiya, tana bin sawun nan guda biyu da suka hau kan juna, tana shafewa layi-layi, yadda duk baƙon da ya shigo anjima zai ga gida tsaf, gidan mutunci, wanda ba a taɓa yin mahaukaci a cikinsa ba.